Muna Jiran Wutar Mambila, Wata Wutar Na Cin Kurminmu

Duk wanda ya taɓa barin Serti da sassafe, ya wuce Mayo Selbe, mota ta fara nishi tana hawan wannan hanya mai lanƙwasa kamar maciji, ya san lokacin da iska take canzawa. Zafin ƙasa ya tsaya a baya, sanyi ya shigo ta taga, fasinja ya fara laluben rigar sanyi a jaka. Kafin a kai Maisamari sai ƙasa ta buɗe, tuddai kore shar iyakar ganin ido, shanu warwatse a kansu, hazo kwance a cikin kwaruruka. Baƙo yakan ce bai san akwai irin wannan wuri a Najeriya ba. Mu da muke zaune a nan mun saba, kuma sabon nan ne yake neman cutar da mu, domin abin da ido ya saba gani ba ya lura da ranar da ya fara raguwa.

Jama'ar tsaunin Mambila, iyayena da 'yan'uwana na Gembu da Nguroje da Kakara da Dorofi da Mayo Ndaga da Yelwa, da ku nake magana. Manomi da makiyayi, Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, duk ku matso kusa. Maganar ruwa ce da wuta, ba ta ware kowa.

Sama da shekara arba'in ke nan ana gaya mana za a gina babbar tashar lantarki a kan kogin Donga. Waɗanda aka haifa lokacin da aka fara zancen yau suna da jikoki. An ce za ta ba da megawat 3,050, alhali abin da ake raba wa ƙasar nan gaba ɗaya a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. A shekarar 2017 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanonin ƙasar Sin a kan kwangila ta kusan dala biliyan 5.8, aka buga a jaridu, aka faɗa a rediyo, muka yi murna. Daga baya aka ce za a rage girman aikin zuwa kusan rabi. Rigimar wata tsohuwar kwangila ta shekarar 2003 kuma ta kai har gaban kotun sasanci a birnin Faris, inda tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je ba da shaida a farkon 2025. Sunan tsauninmu ya zagaya duniya a bakin lauyoyi, ɗalibinmu kuwa har yau da tocila yake karatun dare, mai walda da mai niƙa da mai cajin waya sai sun sayi man janareta da tsadar da hawan dutse ya ƙara masa.

Ina son a gina tashar nan, kuma ina roƙon Allah ya nuna mana ranar. Amma akwai tambayar da ban ji ana yi ba a duk tarukan da ake zancen megawat: ruwan da zai juya injinan, daga ina zai fito?

Kogin Donga ba daga sama yake faɗowa da girmansa ba. Daga ƙananan idanun ruwa yake farawa, waɗanda ke tsattsafowa a gindin tuddanmu, a cikin siraran kurmin da ke bin kowane kwari. Damina a nan tana da tsawo, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya wata bakwai ko fiye. Ciyawar da ke kan tudu da ganyen da ya ruɓe a ƙarƙashin itatuwa su ne suke riƙe wannan ruwa, su shayar da ƙasa a hankali, ƙasa ta adana shi, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har tsakiyar rani. Idan aka sare kurmin, aka ƙone ciyawar, kofaton shanu ya daddaɓe ƙasar ta yi tauri, ruwan sama ba ya samun wurin shiga. Sai ya gangara da gudu, ya kwashi jar ƙasa ya zuba a rafi. Da damina ambaliya da zaftarewar ƙasa, da rani kuma rafi ya koma yashi. Madatsar ruwa da aka gina a kan irin wannan kogi laka za ta riƙa cika ta shekara bayan shekara, injinan da aka kashe biliyoyi a kansu su rasa abin da zai juya su a watannin da aka fi buƙatarsu.

Ku tambayi iyayenmu mata, su ne suka fi kowa sanin wannan. Su suka san rafin da suke ɗiba suna yara wanda yanzu yake ƙafewa tun watan Janairu. Su suka san yadda tafiyar neman itace ta ƙaru, daga bayan gari ta koma sai an haura tudu biyu. Ba su buƙatar wani masani ya zo daga Abuja ya auna musu.

Kuma laifin namu ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da zarar ruwa ya ɗauke sai a fara cinna wa daji wuta. Makiyayi yana son sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanunsa, maharbi yana son ya koro nama, manomi yana son ya huta da sharar gona. Wutar ba ta san iyaka ba. Takan ci ciyawa ta isa bakin kurmi, ta lashe 'yan itatuwan da suka fara tasowa, baɗi ta ƙara shiga taki goma, har kurmin da kakanninmu suke jin tsoron shiga saboda duhunsa ya zama 'yan bishiyoyi biyar a tsaye ana hango na bayansu. Shanu su shiga neman inuwa da ruwa su tattake sauran. Mai gona ya ga ƙasar bakin rafi tana da taki, ya sare ya shuka masara har cikin ruwa.

Sai kuma maganar bishiyar turare, wadda muke kira zaiti. Ba zan zage ta ba, domin ta rufa wa mutane da yawa asiri. Da ita muke rufin ɗaki, da ita muke girki da jin ɗumi a daren da sanyi ke ratsa ƙashi, da kuɗin katakonta aka biya wa yara makaranta aka yi aure. Motocin da ke gangarawa da katako zuwa Jalingo da Yola shaida ne. Amma baƙuwa ce, asalinta ƙasar Ostireliya, kuma mai yawan shan ruwa ce. Tana girma da sauri, saiwarta tana zuƙar ruwa rani da damina, ƙarƙashinta kuma ba a cika ganin wani tsiro ya yi ƙarfi ba. A kan tudu, nesa da rafi, dukiya ce. A bakin idon ruwa kuwa, kamar ka ajiye baƙo mai ƙishirwa a kan randar gidanka ne. Mun dasa ta ko'ina ba tare da tambayar inda ya dace ba, kuma muna biyan farashin.

Ƙasan dutse ma ba a tsira ba. Kowa ya tuna shekarun da zarto mai inji ya cika dazuzzukan Gashaka da Bali da Kurmi, ana sare madobiya, wadda 'yan kasuwar suka sa wa suna madirid, ana loda gungume a manyan motoci zuwa Legas, daga can zuwa ƙasar Sin. Sai da abin ya kai an sa bishiyar a jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Kuɗi sun shigo, gaskiya ne, matasa sun sayi babura. Ina kuɗin yanzu? Ina itatuwan? Makiyayi ya fi kowa sanin asarar, domin ganyen madobiya ne abincin shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. A nan kan tsauni kuma, a yankin Nguroje, neman shuɗin dutsen nan mai daraja ya bar ramuka a buɗe, ruwa ya cika su, rafukan da ake wanke ƙasa a ciki sun yi jajir. Mai saye ya tafi da dutsen, ramin ya zauna mana.

Yanzu bari in zo ga namun daji, domin na san akwai wanda zai ce, mutum bai ƙoshi ba ana zancen biri. Na ji wannan magana a tasha, na ji ta a wurin mai shayi, kuma ban raina mai faɗinta ba. Amma ku saurare ni.

Kusa da garin Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin ragowar dazuzzukan kan dutse da suka saura a ƙasar nan. Sama da shekara ashirin ke nan masu bincike daga jami'ar Kantabari ta ƙasar Niyu Zilan, tare da ɗalibai 'yan Najeriya da matasan Yelwa da suka koyi aikin, suke nazari a cikinsa. Abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne wanda yake shuka daji. Ashe birai ne da tsuntsaye. Akwai itatuwa masu manyan 'ya'ya waɗanda iska ba ta iya ɗaukar ƙwallonsu. Sai biri ya ci ɗan itacen, ya yi tafiya, ya yar da ƙwallon a wani wuri mai nisa tare da takinsa, a nan sabuwar bishiya take tsirowa. Mafi girman masu wannan aiki shi ne cimfanzi, birin nan mai kama da mutum. Irin da muke da shi ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Najeriya da Kamaru, kuma shi ne mafi ƙaranci a cikin dangin cimfanzi. A Ngel Nyaki 'yan kaɗan ne suka rage. Idan suka ƙare, itatuwan da suke shukawa za su tsufa su mutu babu magaji, kurmi ya sirance, idon ruwan da ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Wanda ya harbe biri a kurmi ya taɓa randar garinsu, ko ya sani ko bai sani ba.

A gefenmu kuma ga gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a duk Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Akwai ɓauna da damisa da gwanki da mazo da dorina, akwai birai iri iri, akwai ɗankunya, wannan bawan Allah mai sulke da ke naɗe jikinsa idan ya ji tsoro, wanda masu fataucin ɓawonsa suka sa a gaba. A dajin Kwano masu bincike sun tattara sandunan da cimfanzi ke gyarawa da hannunsa yana ciro zuma da kwarkwasa. Mutane suna barin Ingila da Jamus su zo su kwana a daji don su ga wannan. Mu da Allah ya ajiye wa abin a bayan gida, yaranmu nawa ne suka taɓa shiga gandun? Makarantun Gembu da Serti nawa ne suka taɓa kai ɗalibai? Kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa, daga waɗannan duwatsu yake samun ruwansa. Shi da Donga suna zuba a Binuwai, Binuwai ya wuce Ibi da Makurɗi ya haɗu da Kwara a Lokoja. Masuncin Ibi da manomin shinkafar fadama ba su san sunan ƙauyukanmu ba, amma abincinsu yana rataye da abin da muke yi wa kurminmu.

Masu gadin gandun suna fuskantar mafarauta da masu haƙar ma'adinai da masu shigar da shanu, wani lokaci da ransu a hannu. Yawancinsu 'ya'yan yankin ne. Kada mu ɗauke su abokan gaba. Su ma hukumar gandun da masu tallafa mata su sani cewa ƙauyukan da ke ciki da kewayen dajin sun riga gandun zama a wurin. Idan aka hana mutum farauta da kiwo, sai a nuna masa wata ƙofar abinci, a ɗauki ɗansa aiki, a gyara masa asibiti da hanya. Dajin da maƙwabtansa ke jin haushinsa ba bindigar da za ta iya tsare shi.

To, wutar fa? Mu ci gaba da jiran gawon shanu? A'a. Ku je Kakara ku gani. A can, kusa da gonar shayi, akwai ƙaramar tashar Tunga da aka gina da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kilowat 400 kacal. Ba a kira taron duniya a kanta ba, ba a je kotun Faris ba, amma ta juya injinan masana'antar shayi da ruwan rafinmu maimakon man dizal. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba tsaunin nan abin da sauran ƙasa ke nema: ruwa mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa a kusan kowane kwari. Ƙaramin inji a kan rafi mai ƙarfi zai iya haska gari, ya juya injin niƙa, ya riƙe firijin allurar rigakafi a asibiti. Inda rafi bai isa ba, faifan sola ya cike giɓin, musamman da rani da rana take fitowa tar. Tun 2023 kuma doka ta ba jihohi ikon tsara harkar lantarkinsu da kansu, ga hukumar tarayya mai kai wuta karkara tana raba ƙananan tashoshi a wasu jihohi. Me ya hana a kawo nan? Wakilanmu na Jalingo da Abuja, wannan tambayar taku ce. Duk wanda ya hau dutse neman ƙuri'a, kada mu bar shi ya sauka da zancen megawat 3,050 kawai. Mu tambaye shi rafi nawa aka auna, gari nawa za a haska kafin wa'adinsa ya ƙare, kuma a rubuce.

Abin da ya sa na ƙulla maganar wuta da ta kurmi shi ne, ranar da gari ya ga fitilarsa da injin niƙansa suna aiki da ruwan rafi, ranar ce zai fara gadin rafin da kansa. Ba sai an turo ɗan sanda ba. Mai shagon da ya san idan idon ruwa ya ƙafe firijinsa zai mutu, shi zai fara tsawata wa mai cinna wuta.

Na san akwai miki a tsakaninmu. Rikicin manoma da makiyaya na 2017 ya ci rayuka da dukiya, kuma har yau akwai gidajen da ba su daina kuka ba. Tushensa ƙasa ce: ina za a noma, ina za a yi kiwo. Ku duba da kyau, duk rafin da ya ƙafe yana ƙara matse manomi da makiyayi a kan ɗan wanda ya rage. Duk tudun da zaizaya ta cinye yana rage gona da makiyaya a lokaci ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai ƙarancin ruwa da ciyawa. Saniya da masara rafi ɗaya suke sha. Idan akwai aikin da Ardo da Jauro za su iya zama a kan tabarma ɗaya su yi ba tare da ɗaya ya yi asara ba, to tsare idon ruwa ne.

Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, a hannunku maganin yake. Kakanninmu sun san hurumi, wurin da ba a sara, ba a noma, ba a cinna wuta. Ku maido da shi. Kowane idon ruwa a yi masa iyaka da kowa ya sani, a bar tazara tsakanin gona da bakin rafi, a ware wa shanu mashaya da burtali don kada su shiga maɓuɓɓuga. Zaitin da ke kan idon ruwa a sare shi a sayar, mai shi ya ci kuɗinsa, a maye gurbinsa da itatuwan asalin wurin, irin waɗanda ake renonsu a Ngel Nyaki. Wanda zai dasa sabo ya hau tudu. Idan ƙona ciyawa ta zama dole, a yi ta da wuri, tun ƙasa na da ɗan danshi, bayan an share hanyar tsayar da wuta a kewayen kurmi, kuma da sanin mai gari.

Malamanmu da fastocinmu, kuna da kunnen jama'a ran Juma'a da ran Lahadi. Ku gaya musu ƙasa amana ce, kuma ɓarnar ruwan da al'umma ke sha zalunci ne ko da babu alƙalin da ya kama mutum. Iyayenmu mata, murhun da ke cin itace kaɗan ana gina shi da laka da hannu, ba sai an saya ba. Ƙungiyoyin adashi da na coci da na Islamiyya su nemi wanda zai koya wa mace goma, goman su koya wa ɗari. Maharba, ku kun fi kowa sanin daji, kun san inda biri ke kwana da inda ɓauna ke sha. Wannan ilimi yana da kasuwa a wurin masu bincike da baƙi masu yawon buɗe ido, kuma kasuwar ba ta ƙarewa da harbi ɗaya. Ku ajiye tarkon waya. Masu sayen naman biri da ɓawon ɗankunya, ku ji tsoron Allah ku daina, domin ba don ku ba babu wanda zai ɗana tarkon.

Matasa, ku da kuke da waya a hannu, ku zagaya ƙauyukanku ku ƙirga idanun ruwa. Ku zauna da tsofaffi su faɗa muku sunan kowane ɗaya, da wanda ya mutu da wanda ke da rai, ku rubuta, ku ɗauki hoto. Takardar nan ita za ku ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukumar Sardauna da ɗan majalisa da duk wani kamfani da zai zo da zancen madatsa ko ma'adini.

Kada mu jira ruwa ya ɗauke, hayaƙi ya fara tashi a kan tuddai, sannan mu fara salati. A wannan makon, bayan sallar Juma'a ko bayan an tashi daga coci, mutum biyar su je ƙofar mai gari, manomi da makiyayi a cikinsu, su roƙe shi ya sa rana. Ranar kowa ya fito da fartanya da adda, a taka zuwa idon ruwan da garin ke sha, a share masa hanyar tsayar da wuta, a kafa duwatsun iyaka a gaban idon kowa.